Ayahuasca: Shirin da ake yi kafin a sha

Ayahuasca dafaffen magani ne da al'ummomin dajin Amazon, irin su Shipibo na ƙasar Peru, ke sha da dare domin neman waraka. Ana haɗa shi daga saƙandamin Banisteriopsis caapi da ganyen chacruna mai ɗauke da sinadarin DMT. A 2008 Peru ta ayyana amfaninsa na gargajiya a matsayin gadon ƙasa, kuma baƙi daga Turai da Amurka na tururuwa zuwa Iquitos dominsa.

Kwanaki kafin zaman, masu maganin kan hana mutum giya, naman alade, gishiri, sukari da saduwa. Sukan kuma buƙaci ya keɓe kansa, ya tsayar da niyya, ya shirya wa amai da tsoro na tsawon sa'o'i.

Babban haɗarin yana ga masu shan magungunan ciwon damuwa na rukunin SSRI, domin haɗuwarsu da ayahuasca na iya kisa. Haka kuma yana da haɗari ga masu ciwon zuciya ko taɓin hankali.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sanya DMT cikin sinadaran da aka fi tsaurara wa doka.