Damagaram a Bakin Dorugu da Alƙalamin André Salifou

Tun kafuwarta a ƙarni na 18, masarautar Damagaram ba ta taɓa zama da harshe guda ba. Gidan sarauta na da tushen Barebari, kasuwa na Hausa, malamai kuwa suna rubutu da Larabci. Faransanci ya shigo da mamayar 1899.

Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bawa tun yana yaro, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. A Ingila ya ba Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a Landan cikin Magana Hausa a 1885. Harshen na gida ne, amma Turawa aka buga wa.

Shi kuma André Salifou, haifaffen Zinder a 1942, da Faransanci ya rubuta tarihin masarautar a 1971, sannan wasan kwaikwayonsa Tanimoune, kan Sarki Tanimu, ya fito a Paris a 1973. Labarin na gida ne, amma sai wanda ya yi lakkol ke iya karanta shi.

Dukansu 'yan Damagaram ne, domin ƙasar da mutanenta suka ɗauka zuwa waje. Abin da ya rage shi ne ayyukansu su dawo gida. Tunda Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su sake buga Dorugu da rubutun yau, su kuma fassara Salifou domin ɗaliban Birni da Zango.