DAGA BURMI ZUWA TIKTOK: TARIHIN MASU ƘIRGA RANAR TASHIN DUNIYA

Jama'a, wanda ke leƙa TikTok ba zai manta da watan Satumban 2025 ba. Wani mutumin Afirka ta Kudu, Joshua Mhlakela, ya fito ya ce an nuna masa za a ɗauke Kiristocin ƙwarai zuwa sama tsakanin 23 da 24 ga watan. Bidiyoyi suka cika waya, wasu na bankwana, wasu na zolaya. Ranar 25 gari ya waye, kowa ya fita neman na tuwo.

A nan gida da yawanmu dariya muka yi, muka ce abin nasu ne. To ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, domin in aka buɗe tarihi, mu ma muna da namu, kuma namu har da jini a ciki. Wani ɓangarensa ma ya taɓa gidan sarautar Katsina.

Bari mu fara da nasu ɗin.

Abin da Kiristoci masu jin Hausa ke kira "fyaucewa" shi ne a ɗauke muminai farat ɗaya, a bar sauran mutane cikin tsanani na shekara bakwai ƙarƙashin magabcin Almasihu, kwatankwacin wanda mu muke kira Dujal. Ba duk Kiristoci suka yarda da wannan tsarin ba. Katolika ba su koyar da shi haka. Wani mai wa'azi ne, John Nelson Darby, ya tsara shi a wajajen 1830, daga baya ya samu gindin zama a Amurka.

Amma abin da ya kai shi ɗakin kowa ƙagaggen labari ne. A 1995 Tim LaHaye da Jerry Jenkins suka fitar da littafi mai suna Left Behind, wato waɗanda aka bari a baya. Labarin ya buɗe a cikin jirgin sama, fasinjoji sun ɓace, sai tufafinsu a kan kujeru. Sannan wani ɗan siyasar Romaniya mai daɗin baki ya hau shugabancin Majalisar Ɗinkin Duniya, ashe shi ne mugun. Zuwa 2007 littafin ya kai kashi 16, an sayar da sama da kwafi miliyan 60, an yi fim a 2000, an sake wani a 2014.

Abin dubawa a nan shi ne masu karatun. Marubutan sun ce labari ne suka gina a kan fahimtarsu ta littafin Daniyel da Ru'ya ta Yohanna. Masu karatu kuwa kashi-kashi suka rabu. Akwai wanda ya karanta ya koma coci, ya gyara halinsa. Akwai uwar da ta saya ta tura wa ɗanta saboda tsoron kada a tafi a bar shi. Akwai malaman coci da suka yi ta gargaɗi cewa wannan ba nassi ba ne. Sai kashi na huɗu, wanda ya ɗauki littafin tamkar jarida. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 ciniki ya yi tashin gwauron zabo, domin mutane sun koma nema wa labaran talabijin fassara a cikin ƙagaggen labari.

Wannan kashi na huɗu shi ne matsalar, kuma ba a Amurka kaɗai yake ba. A Yulin 2022 'yan sanda sun fito da mutum 77, cikinsu har da yara, daga ƙarƙashin ginin wata coci a garin Ondo. An ce musu su zauna su jira fyaucewa. Wasu yaran an cire su daga makaranta saboda haka. Can baya kuma, mabiyan William Miller a Amurka sun jira ranar 22 ga Oktoban 1844, wasu ba su ko girbe gonakinsu ba. Harold Camping ya sa 21 ga Mayun 2011, mutane suka ƙarar da abin da suka tara wajen buga allunan talla.

To, yanzu mu dawo gida.

Malam Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ba baƙo ba ne a Katsina. Shi ne ya aiko wa sarakunan wannan yanki wasiƙar nasiha, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim Sura da Sarkin Agadas, yana jan kunnensu a kan adalci. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Tafsirin Jalalaini, to rabinsa aikinsa ne. A zamaninsa mutane sun firgita cewa duniya ba za ta wuce shekara ta 1000 bayan Hijira ba. Sai ya rubuta ɗan littafi a 898 don ya kwantar da hankali: ya ce al'umma za ta haura dubu, amma a lissafinsa ƙarin ba zai wuce 500 ba. Ya kuma kawo ruwayoyin da ke nuni da bayyanar Mahadi a wajajen 1200.

Kun ga abin mamakin? Littafin da aka rubuta don a kashe tsoro, shi ne ya zama kalanda a hannun waɗanda suka zo daga baya.

Shekara ta 1200 ta faɗo a 1785 zuwa 1786, daidai lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ke yawon wa'azi a Gobir da Zamfara. Ana cikin zalunci da haraji da kamen bayi, ga malami ya fito yana kira zuwa ga gyara. Me kuke tsammani talakawa za su ce? Suka ce ai shi ne. Shehu bai karɓa ba. Ya rubuta ƙarara cewa shi ba Mahadi ba ne: ba sharifi ba ne, ba a Madina aka haife shi ba, a Maratta ne, sunansa ma bai dace da abin da ya zo a ruwaya ba. A 1814 har littafi guda ya yi na gargaɗin 'yan'uwa a kan masu da'awar Mahadiyya. Ya yarda Mahadi zai zo, ya yarda lokaci ya ƙarato, amma ya ƙi a sa rana.

Sai dai maganar da ta fita ta fita. Labari ya bazu cewa wata rana jama'ar Shehu za su yi hijira gabas, wajen Kogin Nilu, su tari Mahadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama ya riƙa sa ido a kan labarin gabas. Daga nan duk lokacin da fari ya yi ko yaƙi ya tsananta, sai mutane su ɗaure kaya. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku sai da ya yi shelar cewa lokaci bai yi ba. A wajajen 1856 wani malami da ake kira Malam Dubaba ya ja dubban mutane ta Borno suka nufi gabas. A Bagarmi aka gwabza yaƙi har sarkin ƙasar ya mutu, tawagar kuma ta tarwatse, da yawa ba su ga Makka ba, ba su kuma ga gida ba. Daga baya Maryamu 'yar Shehu ita ma ta rubuta wa Sarkin Kano tana cewa masu tashin nan sun yi gaggawa.

A Kano kuma wani reshen daban ya tsiro. Wani Malam Ibrahim ya duƙufa a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa (AS) da dawowarsa, ya tara mabiya da aka sa wa suna Isawa. An kashe shi a kasuwar Kurmi zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watse, wasu suka shige duwatsun Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Dokta Walter Miller a Zariya, suka karɓi Kiristanci, suka zauna a Gimi, daga baya Wusasa. Wato wani ɓangare na tarihin Hausawa Kiristoci ma daga jiran ƙarshen zamani ya faro.

Sai ƙarni ya sake juyawa. Shekara ta 1300 ta shigo a Nuwamban 1882. Kafin nan da kaɗan, a 1881, Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadi a Sudan, a 1885 ya ci Khartum. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Malam Jibrilla Gaini ya kafa sansani a Burmi, ƙasar Gombe. Da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas, kuma abin da ya tsorata Turawan shi ne yawan talakawan da suka bar gonakinsu ana gab da shuka suka bi shi. A wurinsu Nasara sun zo, alama ta cika. Ranar 27 ga Yulin 1903 aka yi karon ƙarshe a Burmi, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran zuwa Sudan, inda har yau akwai garin Mai Wurno a bakin Nilu.

Ba ina cewa mutanen Burmi ruɗaɗɗu ba ne, a'a wallahi. Mamaya suka ƙi, kuma sun biya da rayukansu. Abin da nake nunawa shi ne yadda karatun alamomi ke zama harshen da wanda aka danne yake magana da shi.

Shekara uku bayan haka sai Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato, mafakar talakawa da bayin da suka gudo. Shugabansu na farko ya yi da'awar Mahadi a 1904, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, ga kuma Ɗan Makaho da ya tsero daga ƙasar da Faransa ke mulka. Ranar 14 ga Fabrairun 1906, da gatura da fartanya da kwari da baka, suka karya rundunar da aka turo, suka kashe Turawa uku da sojoji kusan 25. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da bindigogi masu jigida. An kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin.

A nan ne Katsina ta shigo. Girgizar Satiru ta sa Turawa suka hau tantance sarakuna, wa ke tare da su, wa ke jiran ya ga faɗuwarsu. An tuɓe Sarkin Gwandu. A Katsina Turawa ba su gamsu da Sarki Yero ba, Durbi Muhammadu Dikko kuwa ya tsaya musu a lokacin firgicin. Kafin shekarar ta ƙare an sauke Yero, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma hannun Dikko na Sulluɓawa, gidan da ke riƙe da ita har gobe. Akwai wasu dalilan, amma Satiru na cikin manyansu. Ku duba fa, da'awar Mahadi a wani ƙauyen Sakkwato ta taimaka wajen sauya tarihin fadar Katsina.

Ƙarni na gaba ma bai zo da sauƙi ba. Ranar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamban 1979, Juhaiman da mutanensa suka mamaye Haramin Makka suna cewa surukinsa Muhammad al-Ƙahɗani ne Mahadi. An kwashe mako biyu ana ɗauki-ba-daɗi. Shekara guda bayan haka, Disamban 1980, rikicin Maitatsine ya ci sama da mutum 4,000 a Kano, ɓurɓushinsa har Funtuwa a 1993.

Tsakanin waɗannan manyan kuma akwai ƙanana da kowa ya sani. Wa bai taɓa cin karo da wasiyyar nan ta Shehu Ahmadu "mai gadin kabarin Annabi" ba? Wai ya yi mafarki, wai alƙiyama ta zo, wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi zai ga masifa. Takardar nan ta haura shekara ɗari tana yawo, malamai sun sha ƙaryata ta, amma daga rubutun hannu ta koma fotokwafi, yanzu tana WhatsApp. Ita ce Left Behind ɗinmu, sai dai ita ba ta ma yarda ƙagagge ba ce.

Me ya sa na tono duk wannan? Saboda 1500 na tafe, za ta faɗo a wajajen 2076, kuma tun yanzu an fara jin masu lissafi. Ga Gaza, ga yaƙin Iran da Isra'ila na Yunin 2025, ga tsadar abinci, ga 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Faskari da Ƙanƙara. Duk wanda ya haɗa bidiyo ya sa hoton ido ɗaya da kiɗa mai ban tsoro, sai ka ga dubban mutane suna turawa.

Imani da tashin alƙiyama rukuni ne, ba wasa ba. Zuwan Dujal da saukowar Annabi Isa (AS) suna cikin ingantattun hadisai. Amma Alƙur'ani ya bayyana cewa sanin lokacin na Allah ne shi kaɗai, kuma da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Manzon Allah (SAW), bai ba shi rana ba. Su ma Kiristoci, a Linjilar Matiyu an faɗa musu babu wanda ya san ranar ko sa'ar. Ke nan duk mai sa rana, ko a coci ko a masallaci, ya zarce littafin da yake riƙe da shi.

Abin da ya fi damuna ma ba masu sa rana ba ne. Kalmar nan ce ta "ai ƙarshen zamani ne" da ta zama bargon lulluɓa. An sace kuɗin asibiti, ƙarshen zamani. An kwashe ɗalibai, ƙarshen zamani. Malamin firamare bai ga albashi ba, ƙarshen zamani. Da an faɗe ta, magana ta mutu, ba mai tambayar kansila, ba mai tambayar ɗan majalisa. Alhali Suyuɗin nan da ake jingina lissafin gare shi, da ya tashi rubuto wa Sarkin Katsina, ba kwanan wata ya aiko ba. Cewa ya yi a yi adalci. Shehu ma yana ganin lokaci ya ƙure, amma ya rubuta littattafai a kan mulki da shari'a da karatun mata. Kuma mun san hadisin da ya umarci mai riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da alƙiyama na tsayawa.

Tarihin nan ya nuna wanda ke biyan kuɗin lissafin in ya kuskure: manomin da ya bar gonarsa, da yaron da aka cire daga makaranta, da matar da ta mutu a hanyar Bagarmi. Don haka in an turo maka bidiyon gobe, kafin ka danna turawa, tambayi wanda ya haɗa shi, da inda ya samo, da abin da yake so ka bari ko ka biya.

Waɗanda kakanninsu suka ba su labarin masu tafiya gabas a ƙasa, don Allah ku ajiye mana a ƙasan rubutun nan, kada ya ɓace. Allah ya sa mu cika da imani, ya zaunar mana da Katsina da ƙasa baki ɗaya lafiya.