Daga Jiragen 1925 Zuwa Air Beetle: Tarihin Da Masu Haɗa Ƙananan Jirage Ya Kamata Su Sani



Mu mutanen Sabon Tasha da Kafanchan jirgin da muka fi sani shi ne na ƙasa. Da yawanmu aikin reluwe ne ya kawo kakanninmu wannan yanki, tun lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo wajen 1927. Amma in aka duba abin da yaranmu ke ƙerawa da karan dawa da gwangwani da langa-langa, bayan mota ba abin da ya kai jirgin sama yawa. Cikin matasanmu ma akwai waɗanda suka wuce wasan yara, suna sayen gam da fenti suna haɗa ƙananan jirage na ajiya. Abin da muka lura shi ne kusan duk jiragen da suke kwaikwaya na finafinan Amurka ne, alhali sararin samaniyar Kano da Kaduna na da nasa jiragen tun shekara ɗari da suka wuce. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wannan tarihi.

A ranar 27 ga Oktoba 1925 wasu jirage uku na sojojin saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka biyo ta Sudan da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. Babu filin jirgi a lokacin, a filin dawakai suka sauka. Daga baya suka ƙarasa Kaduna kafin su juya. Ku lura da lissafin: jirgin sama ya riga ya taka ƙasar Kano shekara biyu kafin Kafanchan ta zama mahaɗa. Hausawa kuwa ba su wahalar da kansu wajen neman suna ba. Kalmar jirgi ta kwalekwale ce tun asali, da na dogo ya iso Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa, da wannan ya zo aka ce jirgin sama.

Waɗannan jirage uku samfurin DH.9A ne. Fukafukai biyu ne da su, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi. Gangar jikin katako ce da yadi, kujera biyu a buɗe ba rufi, injin kuma Liberty ne mai ƙarfin doki 400. Daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin mita 14, daga hanci zuwa wutsiya mita 9 da ɗan ɗoriya. Mun kawo waɗannan lambobi ne don a nan ne abin wasa ya rabu da samfuri na gaskiya. Yaro yana ƙera jirginsa da ido, yadda ya ga dama. Mai haɗa samfuri kuwa yana raba kowane awo na jirgin gaske da lamba guda, ba ya ƙari ba ya ragi. In ka raba da 72, fiffiken DH.9A zai fito santimita 19 da kusan rabi, tsawonsa kuma kusan santimita 13. Tayar ma da farfelar da kan matuƙin duk da 72 ɗin za a raba su.

Me ya sa 72? Saboda awon Ingila ne: ƙafa shida inci 72 ce, don haka mutum mai tsayin ƙafa shida zai koma inci ɗaya. Wani kamfanin Ingila mai suna Skybirds ne ya yaɗa wannan ma'auni tun 1932 da jiragen katako. A 1936 kamfanin Frog ya fito da na roba waɗanda mutum ke haɗawa da kansa, sannan daga baya Airfix ya fitar da jirginsa na farko, Spitfire. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin ya tashi daga nishaɗi ya zama aikin soja. A 1942 sojojin ruwan Amurka suka nemi 'yan makaranta su sassaƙa musu ƙananan jirage 500,000 a wannan ma'auni, don a koya wa masu harbi bambanta jirgin gida da na abokan gaba. Dabarar mai sauƙi ce: samfurin da aka rataye a nisan mita 10 daidai yake a ido da jirgin gaske a nisan mita 720. In samfurin ya yi ƙarya a siffar wutsiya, soja na iya harbo ɗan uwansa.

Kafin yaƙin, a 1936, kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Khartoum zuwa Kano da jirgin DH.86 mai inji huɗu, kuma a cikin shekarar aka miƙa hanyar har Legas. Wannan hanya ce ta yi wa Ingila rana da yaƙi ya tsananta. Tekun Bahar Rum ya zama da haɗari ga jiragen ruwanta, ga shi tana bukatar jiragen yaƙi a Masar. Sai aka riƙa loda jiragen a cikin akwatuna, a sauke su a tashar Takoradi ta ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast. A can ake buɗe akwatunan, a ɗaura fiffike, a ɗaura farfela, a gwada, sannan su taso ayari-ayari ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El Fasher, Khartoum har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, jirgin Blenheim a gaba yana nuna hanya, ƙananan Hurricane na biye. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya a shekarun yaƙin. Wato duk wanda ya buɗe kwalin Hurricane na roba yau ya zauna yana liƙa fiffike, aikin da aka yi a Takoradi yake maimaitawa a ƙarami, kuma jirgin da ke hannunsa irinsa ya sha mai a Kano.

Na fasinja ba za mu daɗe a kansu ba, don dattawanmu sun fi mu saninsu. An kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, Nigeria Airways ya gaje shi a ƙasar nan a 1958, ya yi aiki da DC-3 da Fokker F27 da F28 da Boeing 707 da 737 da DC-10 da Airbus A310, har ya durƙushe a 2003. Tambarinsa giwa ce mai fiffike. Irin waɗannan manyan jirage an fi haɗa su a ma'aunin 144, domin 707 a ma'aunin 72 fiffikensa ya haura santimita 60, ba kowane tebur zai ɗauka ba.

Akwai wani misali mai nauyi a nan da ke nuna amfanin karatu. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Har yau mutane na cewa jirgin Nigeria Airways ne. Gaskiyar ita ce Boeing 707 ne na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, Nigeria Airways ya yi hayarsa don jigilar Hajji. Wanda bai karanta ba zai ba da labarin a karkace, in kuma ya zo fenti ya shafa wa jirgin launin da bai taɓa ɗauka ba.

Yanzu mu dawo Kaduna, inda tarihin ya fi kusa da mu. An kafa rundunar sojojin saman Nijeriya a watan Afrilu 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, kuma Kaduna ce cibiyar horonta. Jiragen farko ƙanana ne masu farfela, irin su Dornier Do 27 da Piaggio P.149D. A wannan shekarar ce kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 Tarayyar Sobiyat ta kawo MiG-17 Kano. Bayan yaƙi aka sami MiG-21 da C-130 a tsakiyar shekarun 1970, sai Alpha Jet a farkon shekarun 1980. Duk waɗannan kamfanonin waje na yin su na roba, sai dai galibi da tambarin wasu ƙasashe suke zuwa. Namu zobe ne kore a waje, fari a tsakani, kore a tsakiya, kuma mai haƙuri zai iya zana shi da kansa da siririn buroshi.

Wanda muka fi so matasanmu su sani shi ne Air Beetle. A shekarun 1980 rundunar na koyar da sababbin matuƙa da jirgin Bulldog na Birtaniya, aka fara neman madadinsa da za a iya haɗawa a gida. Wani kamfani a Kaduna mai suna AIEP ya ɗauki tsarin wani ƙaramin jirgin Amurka, RV-6A na kamfanin Van's da ke jihar Oregon. Abin mamaki, shi wannan RV-6A a lokacin ba a sayar da shi a haɗe. Gunduwa-gunduwa aka riƙa aiko wa mai saye, da takardun zane, ya zauna a garejin gidansa ya huda alminiyom ya buga ƙusoshi har jirgi ya tashi. Wato shi ma kayan haɗi ne irin na kwali, sai dai wannan mutum na shiga ciki. Aka yi masa gyare-gyare don aikin horon soja, aka nuna na farko a 1989, shekarar da rundunar ta cika 25, sannan rundunar ta yi odar guda 60. Kujera biyu ne gefe da gefe, malami da ɗalibi, fiffike a ƙasa, taya uku ɗaya a hanci, injin Lycoming mai ƙarfin doki 180.

Mun sha jin masu raina shi suna cewa ai ba ƙirar Nijeriya ba ce, haɗawa kawai aka yi. Mu dai ba mu ga abin raini a nan ba. Wanda ya haɗa jirgi 60 har suka ɗauki mutane suka dawo da su ƙasa lafiya ya koyi karanta zane, ya koyi awo, ya san ƙarfe, kuma babu wanda ya fara ƙira bai bi ta nan ba. Abin da ya kamata a yi baƙin ciki a kai shi ne yau yaro a Sabon Tasha zai kawo maka sunan jiragen Amurka biyar bai taɓa jin an haɗa jirgi a jiharsa ba.

Air Beetle da wuya ka same shi a kwali a kanti, sai dai mutum ya sassaƙa da kansa, kuma a nan mai kara da katako ya fi mai jiran roba. Fiffikensa kusan mita 7 ne, tsawonsa kusan mita 6. A ma'aunin 72 zai yi ƙanƙanta, bai fi santimita 10 ba. Shawararmu a yi shi a ma'aunin 24: fiffike santimita 29, jiki santimita 25. Katako mai laushi ya isa gangar jiki, kwali mai ƙarfi ko gwangwani ya yi fiffike, gorar ruwa ta roba ta yi gilashin matuƙi, sauran aikin na reza ne da samfefa da rula.

Amma kafin reza sai an sami zane. Masu wannan sha'awa na dogara da abin da ake kira zane mai fuska uku, wato jirgin ta gefe, ta sama da ta gaba, duk a ma'auni ɗaya. Babban littafin da ke tattara irin wannan bayani shi ne Jane's All the World's Aircraft, wanda Fred Jane ya fara fitarwa a 1909 kuma ake sabunta shi shekara-shekara. Sabonsa tsada gare shi, amma tsohon bugu ya wadatar, tunda awon DH.9A bai canja ba tun 1925. Zanen RV-6A kuwa ana samunsa a intanet. Hoto ɗaya ba ya isa, don kyamara na ƙara wa abin da ke kusa girma. A gwada awo daga wuri biyu ko uku, in sun saɓa a bi wanda ya fito daga kamfanin da ya ƙera jirgin.

Tarihin bai tsaya a Air Beetle ba gaba ɗaya. Cibiyar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna ta juya ga jirage marasa matuƙi, kuma sunayen Hausa aka raɗa musu: Gulma, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar a Disamba 2013, da Tsaigumi, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Fabrairu 2018, an yi shi tare da wani kamfanin ƙasar Fotugal. Duk wanda ya zaɓi sunayen ya san aikinsu, leƙe ne da kai rahoto. Su ma sun cancanci a sassaƙa su. Sai dai muna jan kunnen matasanmu kan abu biyu. Samfurin da za a ajiye a kan kabad ba ruwan kowa da shi, amma wanda aka sa wa inji zai tashi, a 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Na biyu, kada kowa ya je bakin barikin sojojin sama yana ɗaukar hoto da waya da sunan neman awo.

Wanda ke da tsohon hoto na filin jirgin Kaduna ko na Kano, ko kalandar Nigeria Airways, ko mahaifinsa ya yi aiki a wurin haɗa Air Beetle, don Allah ya sanar da mu, za mu zo mu ɗauki kwafi mu bar masa nasa.

Wassalam.
Sakatare