Grünewald da allon bagadin Isenheim: zanen da aka yi domin majinyata

Gabatarwa

Masu binciken tarihi sun saba dogara ga rubuce-rubuce da labarun baka. Amma zane ma shaida ne, in dai an san wanda ya sa aka yi shi da waɗanda aka yi shi dominsu. A cikin wannan ƙasida za mu ɗauki misalin wani mai zanen addini na ƙasar Jamus, Matthias Grünewald, mu nuna cewa babban aikinsa ba ya fahimtuwa sai an mayar da shi cikin asibitin da ya fito.

1. Mai zanen

Sunansa na gaskiya Mathis Gothart Nithart. Sunan Grünewald kuwa, marubuci Joachim von Sandrart ne ya laƙaba masa a 1675, ya kuma bi shi har yau. An haife shi tsakanin 1470 da 1480. Ya yi aiki a fadar akbishop biyu na Mainz, wato Uriel von Gemmingen da Albrecht von Brandenburg, inda ban da zane yake kula da gini da aikin jawo ruwa. Bayan tawayen manoma na 1525 ya bar fada, ya zauna Frankfurt, sannan ya koma Halle, inda ya rasu a 1528. Cikin kayan da ya bari an tarar da rubuce-rubucen Luther.

A wannan shekara ce kuma Albrecht Dürer ya rasu. Shi Dürer ya je Italiya, ya duƙufa kan ma'aunin jikin ɗan Adam. Grünewald kuwa ya riƙe tafarkin magabatansa na tsakiyar zamani: launi da haske da wahalar jiki, duk don su taɓa zuciyar mai ibada. Ayyukansa kamar goma ne suka saura. Uku da ke babbar majami'ar Mainz sojan Suwidin sun kwashe su lokacin Yaƙin Shekara Talatin, suka nutse a teku.

2. Cutar da asibitin

Isenheim ƙauye ne a yankin Alzas, kusa da Kolmar. A nan sufayen ƙungiyar Waliyyi Antuwan suke da gidan ibada haɗe da asibiti. Cutar da suka shahara da jinyarta ita ce wadda ake kira "wutar Waliyyi Antuwan". Mafarinta wata fumfuna ce da ke kama wani dangin alkama da Faransawa ke kira seigle, abincin talakawan Turai a lokacin. Ƴar'uwar wannan fumfuna tana kama zangarniyar gero a ƙasashenmu. Wanda ya yi ta cin burodin gurɓataccen gari sai jijiyoyin jininsa su tsuke, ya ji gaɓoɓinsa kamar ana ƙona su, yatsu da ƙafafu su ruɓe har su guntule. Wasu kuma jijjiga da gane-gane ke kama su. Sai a ƙarni na 17 aka gano alaƙar cutar da hatsin.

Sufayen suna ba majinyata burodi mai kyau, da ruwan inabi da aka jiƙa ganyayyaki a ciki, da man shafawa. In gaɓa ta ruɓe a yanke ta. Addu'a a gaban bagadi kuwa, a wurinsu wani ɓangare ne na jinyar. Don haka ne shugaban gidan, Guido Guersi, ya sa Grünewald ya zana allon tsakanin 1512 da 1516, a kewaye da sassaƙen Nikolaus Hagenauer.

3. Abin da majinyaci ke gani

Allon yana da fikafikai da ake buɗewa, yana nuna fuska uku. A ranakun da ba na idi ba a rufe yake, abin da ake gani shi ne gicciye Yesu kamar yadda Kiristoci suka yi imani da shi. Jikin ya yi kore-kore, duk miki da tsartsen ƙaya, yatsun hannu sun ƙandare, ƙafafu sun murɗe. Mai zanen bai sassauta komai ba. Mutumin da fatarsa ke ruɓewa in ya ɗaga kai, irin jikinsa yake gani a kan wanda yake bauta wa.

A ranakun idi ake buɗe fuska ta biyu: bushara ga Maryamu, haihuwa, da tashi daga kabari. A nan jikin nan da ya lalace ya koma fari tas cikin da'irar haske, tabon ƙusa da na mashi kawai suka rage. Fuska ta uku ta Waliyyi Antuwan ce. A gefe ɗaya dodanni sun yi masa taron dangi, a kusurwa kuma ga wani halitta kwance, ciki a kumbure, jiki duk maruru. Ke nan mai kallo yana bin matakai: ciwo, da alkawarin warkewa, da waliyyin da shi ma ya sha jarrabawa.

Kammalawa

Lokacin juyin-juya-halin Faransa, a 1793, aka cire allon aka kai shi Kolmar. A 1917 Jamusawa suka ɗauke shi zuwa Munich, aka mayar da shi a 1919. Yanzu yana gidan tarihi na Unterlinden, an rarraba fikafikansa yadda mai ziyara zai ga fuskokin duka a yini guda, abin da majinyacin Isenheim yake jiran watanni kafin ya gani. Wanda ya dube shi a haka zai iya ɗauka mai zanen son ban tsoro ne kawai gare shi. A ganinmu, allon shaida ne na yadda wata al'umma da ba ta san mafarin cutarta ba ta ƙi yasar da marasa lafiyarta, ta ba su abinci da magani, ta kuma nemo gwanin zane don ya faɗa masu cewa wahalarsu ba wulaƙanci ba ce.