Tallafin Karatun Gaba da Sakandare ga Ɗaliban Birnin Zariya

Birnin Zariya yana cikin garuruwan da suka fi kowane gari kusanci da manyan makarantu a Arewacin Nijeriya. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana Samaru da Kongo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, mallakar Jihar Kaduna, ita ma tana nan. Duk da haka, mun lura cewa yawancin 'ya'yan talakawan cikin ganuwa, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, ba nisan makaranta ke tsayar da su ba, kuɗin rajista ne da na mota da na takardu.

A 2021 an ƙara kuɗin manyan makarantun jihar, abin da ya jefa iyaye da dama cikin ƙunci. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi: na Jami'ar Jihar Kaduna ya sauko daga naira 150,000 zuwa 105,000, na Nuhu Bamalli kuma daga 100,000 zuwa 50,000. Ragin ya taimaka, amma ga magidancin da ke ɗinkin hula ko noman damina ɗaya, dubu hamsin a lokaci guda ba ƙaramin abu ba ne.

Hanyar farko ita ce Hukumar Tallafin Karatu da Bashi ta Jihar Kaduna, wadda ke sanar da lokacin neman tallafi ga 'yan asalin jihar. A nan takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma take da muhimmanci, shi ya sa muke roƙon masu unguwanni da dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi su hanzarta sa hannu idan ɗalibi ya zo. Jinkirin mako guda na iya sa yaro ya rasa shekara.

Hanya ta biyu ita ce asusun bashin karatu na tarayya, wato NELFUND. Dokar farko ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri: sai kuɗin shigar iyali bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai an kawo mutum biyu da za su tsaya wa ɗalibi. Wane malami ko ɗan tireda ne a cikin birni yake da babban ma'aikaci ko lauya a hannu? Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilun 2024 ta soke waɗannan sharuɗɗa, aka buɗe karɓar buƙatu a watan Mayu na shekarar. Bashin ba shi da ruwa, abin da iyaye da yawa a Zazzau ke fara tambaya. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, sannan an fara da ba ɗalibi naira 20,000 duk wata domin ɗawainiyarsa. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi ko kuɗin shigar mutum. To amma bashi ne, ba kyauta ba, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibi haka tun kafin ya cika takarda.

Ana neman sa ta intanet, da lambar JAMB da lambar katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki. Matsalar da aka fi samu ita ce saɓanin suna: Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, ko ranar haihuwa biyu. A gyara wannan tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare. Kada kuma a ba kowa kuɗi da sunan zai “shigar” da ɗalibi, domin neman bashin kyauta ne.