Garkuwa, Kafi da Kururuwa: Sunayen da Muke Ba Tsaron Jiki

Duk mai sauraron rediyo a Birnin Kebbi ya san kalmar "garkuwar jiki". Ta shiga bakin jama'a sosai a shekarun da ake ta wayar da kai kan ƙanjamau, wadda aka yi wa laƙabi da cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda ya fara haɗa kalmomin nan ya yi basira, domin Bakabe ba ya buƙatar a yi masa bayanin garkuwa. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu, ya ga masu da takubba da kwari da baka, ya san duniyar da kalmar ta fito: fata ce mai kauri da mayaƙi ke tarewa da ita, kibiya ta dira a kanta ta faɗi ƙasa.

Rigakafi ma daga can ta fito. Kalmomi biyu ne aka ɗinke, riga da kafi. Kafi shi ne shingen itace da ake kewaye gari da shi, kuma shi ne asirin da ake binnewa don tsare gida ko gari. Wato ka riga maƙiyi, ka kafa tsaro tun bai iso ba. Muhammadu Kanta ya kewaye Surame da ganuwa a ƙarni na 16, kangonta na nan har yau, don haka a ƙasar Kabi maganar ba baƙuwa ba ce. Ina ganin rigakafi ta fi garkuwa dacewa da abin da take nufi, saboda akwai lokaci a cikinta: allurar da aka yi wa yaro yau, aikinta sai bayan makonni, amfaninta kuma sai ranar da cutar ta zo.

Sai dai kalmomin biyu sun yi tarayya a abu ɗaya: suna nuna tsaron jiki tamkar abu ne tsayayye da ba ya motsi, ko yana nan lafiya ko ya karye. Binciken da aka yi kan wani sinadarin jiki mai suna intaferon ya nuna lamarin ya wuce haka.

A 1957, a wata cibiyar binciken lafiya da ke Mill Hill a Landan, Alick Isaacs ɗan Sikotland da Jean Lindenmann ɗan Suwizalan suna bin diddigin wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai: idan ƙwayar bairos ɗaya ta riga ta shiga tsokar jiki, wata da ta zo daga baya sai ta kasa hayayyafa. Suka ɗauki tantanin cikin ƙwan kaza, suka zuba masa bairos ɗin mura wanda aka kashe wa kaifi da zafi. Bayan sa'o'i suka cire tantanin, suka tsoma sabo cikin ruwan da na farkon ya jiƙu. Da suka sa wa sabon bairos mai rai, sai ya ƙi yaɗuwa. Ashe tantanin farko ya saki wani abu cikin ruwan. Suka raɗa masa suna daga kalmar Ingilishi mai nufin katsalandan, domin abin da suka gani ke nan, wani abu na yi wa bairos katsalandan. Shekara uku kafin nan, Yasuichi Nagano da Yasuhiko Kojima a Japan sun hango irin wannan abu a jikin zomaye, amma sunan da aka raɗa a Landan shi ya bi shi.

Sunan ya faɗi abin da ido ya gani, bai faɗi yadda aikin ke gudana ba. Intaferon ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Ƙwayar jikin da cuta ta shiga ita ke sakinsa, ya je ya dafe a jikin maƙwabtanta, su kuma su tayar da ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ke kwance, su rage ƙera furotin, su lalata saƙon da bairos ke kwafar kansa da shi, su kira fararen ƙwayoyin jini. Kamar gobara ce a unguwar bukkoki: gidan da wuta ta kama ya yi kururuwa, maƙwabta su yi maza su kayar da dannin zanansu don kada ta tsallako. Sun yi asarar zana, amma unguwa ta tsira. In da ni za a tambaya, a rubuce a bar shi intaferon, domin ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ya gane shi idan ya gamu da shi a littafi, amma wajen yi wa mutane bayani a ce kururuwar ƙwayar jiki ce.

Su ma masanan sun sha sake sunaye. Da farko ana kiran kowane iri da inda aka samo shi, na fararen ƙwayoyin jini, na tsokar haɗi, da na garkuwa. Da aka gano rabon bai tsaya daidai ba, a 1980 aka koma ga haruffan Girka: alfa, beta, gama. A 2003 aka ƙara lamda. Isaacs bai ga wannan ba, ya rasu a 1967 yana da shekara 45, lokacin da wasu ke shakkar ko abin nasa akwai shi ma, saboda ɗan mitsitsi jiki ke yi, tace shi kuma ya gagara. Sai Kari Cantell a Finland ya riƙa tatso shi daga jinin da aka bayar gudunmawa, sannan a 1980 Charles Weissmann da abokan aikinsa a Zurich suka sa bakteriya ta ƙera shi. An ɗauka an samo maganin daji baki ɗaya. Bai kai nan ba, amma ya yi aiki a kan wasu nau'o'in dajin jini, ya kuma zama ɗaya daga magungunan ciwon hanta nau'in B, cutar da binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya.

Masu karɓar allurar intaferon sukan yi fama da masassara, ciwon gaɓoɓi da kasala, kai ka ce mura ce ta kama su, alhali babu ƙwayar mura a jikinsu. Nan ne darasin da ya fi shafarmu. Yawancin wahalar da muke ɗora wa cuta, jikinmu ne ke jawo ta da intaferon da 'yan uwansa yayin da yake kai gauro yana kai mari. Uwar da aka gaya wa allura "garkuwa" ce, idan ta ga jikin ɗanta ya yi zafi da dare, dole ta yi zargi, domin garkuwa ba ta ƙona mai riƙe da ita. Da an ce mata jiki zai yi kururuwa kwana ɗaya ko biyu, kuma alama ce ta cewa ya ji kiran, da hankalinta ya kwanta, ta komo allura ta gaba. Maganar na da nauyi a Kebbi, inda aka fara ba yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Disambar 2024 tare da Bayelsa, allurar da sai an yi ta sau huɗu.

Akwai kuma abin da aka gano a ƙasar Hausa kanta. A shekarun 1970, Brian Greenwood da Hilton Whittle sun yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kan sanƙarau, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro, kuma a wannan tsangaya Farfesa Idris Mohammed ya taso, wanda ya jagoranci yaƙi da annobar sanƙarau ta 1996, ya kuma wallafa cewa ta kama mutum 109,580 ta kashe 11,717. A 1978 Greenwood da wani abokin aikinsa suka nuna cewa yaron da aka yi wa allurar sanƙarau yana cikin zazzaɓin cizon sauro, jikinsa ba ya amsawa kamar na mai lafiya. Garkuwar ba karyewa ta yi ba, rauni ta yi na ɗan lokaci. A kwarin Rima, inda fadamun shinkafa ke riƙe ruwa, inda binciken 2021 ya sami ƙwayar zazzaɓin a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran jihar Kebbi, muna buƙatar kalmomin da za su iya faɗin wannan hawa da sauka.

Haka nan "allurar sanƙarau" na sa a ɗauka kafi ɗaya ya tsare dukan ƙofofi. Allurar da aka fara yi a Najeriya a 2011 ta nau'in A ce, ta kuma yi aikinta. Amma nau'in C ya ɓulla a Sakkwato a 2013, ya shigo Kebbi a 2014, mutane suka riƙa cewa ai an yi musu allura. Gaskiyarsu, sai dai ba a sa harafin cikin sunan da aka gaya musu ba. Wadda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024 ta haɗa biyar: A, C, W, X da Y.

Abin da ya fi damuna shi ne tallar "maganin ƙara garkuwar jiki" da ake yi da lasifika a kasuwanni. Kalmar ce ke taya mai talla ciniki, tunda a hankalce garkuwa in ta ƙara kauri ta ƙara kyau. A jiki ba haka ba ne. Masu cutar lufus intaferon ne ya yi musu yawa, har jiki ya juya yana cin kansa. A ɗaya gefen, a 2020 ayarin Jean-Laurent Casanova ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda korona ta kai bakin mutuwa, jikinsu ne da kansa ke toshe intaferon. Na farko kururuwarsa ta ƙi tsayawa, na biyu an rufe masa baki, kuma kwalbar da ake tallatawa ba ta san bambancin su biyun ba.