Gotham: yadda Gidan Awaki ya zama garin Batman

Kwanakin baya ɗana ɗan aji biyar ya dawo daga lakol, ya ajiye jakarsa mai hoton Batman, ya tambaye ni ko Gotham, garin da wannan jarumi yake zaune, gari ne na gaske. Na ce masa garin Batman ƙirƙira ce, amma sunan na gaske ne, kuma ma'anarsa Gidan Awaki. Ya ɗauka wasa nake yi. Ba wasa ba ne, kuma na ga ya dace in kawo wa malamai da iyaye tarihin wannan suna, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Gotham ƙauye ne a tsakiyar Ingila, kilomita 10 da ƴan kai kudu maso yamma da birnin Nottingham. Mutanensa ba su kai 2,000 ba. A 1066 Wiliyam, sarkin yaƙin Normandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Bayan shekara 20, a 1086, ya sa aka yi ƙidayar filaye da dukiya don ya san abin da zai samu na haraji. Kundin da aka tara, wanda ake kira Domesday, ya ƙunshi sunayen wurare fiye da 13,000. A cikinsa an rubuta ƙauyen nan Gatham.

Kalma biyu ce aka haɗa. A tsohon Ingilishi gat, da wasali mai ja, shi ne akuya. Ham kuwa gida ne, ko kuma wata kalma mai kama da ita da take nufin shingen dabbobi. Ko wacce aka ɗauka, wurin kiwon awaki ake nufi.

To, ina "a" ta tafi har "o" ta zo? Mutanen ƙauyen ba su sake suna ba, bakin jama'ar ƙasar ne ya juya. Wajen ƙarni na 12 zuwa na 13, a kudanci da tsakiyar Ingila, doguwar "a" ta koma "o". Gat ta zama goat, stan, wato dutse, ta zama stone, ham ta zama home. Sunan ƙauyen ya bi sahu, Gatham ya koma Gotham. A wasu sunayen tsohuwar "a" tana nan. Gatwick, inda babban filin jirgin saman nan na kusa da Landan yake, asalinsa gonar awaki ne.

Sauyi na biyu shi ya fi jan hankalina, don ba daga baki ya fito ba, daga takarda ya fito. A sunan nan "t" ƙarshen kalmar akuya ce, "h" kuma farkon kalmar gida. Maƙwabta ne kawai. Ingilishi yana da wani sauti da ake yi da harshe tsakanin haƙora, kuma a da yana da baƙaƙensa na musamman. Daga baya aka bar su, aka riƙa rubuta shi da "th". Daga nan duk baƙon da ya ga Gotham a rubuce sai ya haɗe baƙaƙen biyu ya karanta su sauti ɗaya. Malamin da ya taɓa gyara wa yaro karatun Is'haka ya san wannan matsala: in ba a raba "s" da "h" ba, yaro "sh" zai karanta. Har yau mutanen ƙauyen suna faɗin sunan garinsu da "t" tsantsa, kamar a ce Gotam da "o" mai ja, ta yadda akuyar tana nan a kunne. Amurkawa kuwa daga takarda suka ɗauke shi, akuyar ta ɓace musu.

Yadda sunan ya ƙetare teku ma labari ne. Tun ƙarni na 15 ana yi wa mutanen Gotham ba'a da wauta, a ƙarni na 16 har aka buga littafin tatsuniyoyinsu. An ce sun kewaye wani daji ƙarami da shinge don kada tsuntsun da yake zuwa da bazara ya tashi, wai bazarar ta zauna musu. An ce sun jefa kifi a ruwa don ya nutse ya mutu. An ce wani ya gangarar da cukunsa daga tudu don su kai kansu kasuwar Nottingham. Almarar ta ce da gangan suka yi. Wai Sarki John, wanda ya yi mulki daga 1199 zuwa 1216, ya so ya bi ta garinsu, kuma hanyar da sarki ya taka takan zama ta hukuma. Sai suka yi haukan ƙarya gaban manzanninsa, sarki ya kauce musu. A 1807 marubucin Amurka Washington Irving ya laƙaba wa Niyok sunan Gotham don ya tsokani mutanenta. Laƙabin ya zauna, kuma a farkon shekarun 1940 masu zanen Batman suka sa wa garinsa shi.

Gotham ya yi sa'a, rubutunsa bai gurgunce sosai ba. Nottingham da take kusa da shi an rubuta ta Snotingeham a kundin 1086, wato gidan mutanen wani mai suna Snot. Masu mulki masu jin Faransanci "sn" ta yi musu nauyi a baki, "s" ta faɗi, sunan mai garin ya tafi da ita.

A nan ne na tuna da taswirar da take rataye a azuzuwanmu. Mu ma masu jin Faransanci ne suka rubuta garuruwanmu da kunnensu da ƙa'idar harshensu. Tawa ta zama Tahoua, Madawa ta zama Madaoua, Tasawa ta zama Tessaoua, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji. Na sha jin yaro ya karanta Dogondoutchi a allo kamar sunan wani gari na ƙasar waje, bai ji Dogon Dutsi a ciki ba, alhali kalmomin biyu na bakin uwarsa ne.

Ba na cewa a goge rubutun hukuma, don shi ne a takardun haihuwa da na jarrabawa, dole yaro ya iya shi. Roƙona ga malamai shi ne, in aka zo darasin ƙasa, a rubuta sunan iri biyu a allo, na taswira da na Boko, a tambayi yara abin da yake nufi. Iyaye kuma su tura yaro wurin kaka ko kakansa ya ji yadda ake faɗin sunan ƙauyensu da dalilin sa shi, ya rubuta a kaye. Masanan Ingila sun gano awakin Gotham ne saboda wani ya rubuta Gatham a 1086, kuma mutanen garin ba su daina faɗinsa daidai ba. Yawancin ƙauyukanmu ba su da kundi mai shekara 900. Tsofaffi muke da su, kuma ba za su daɗe suna jiranmu ba.

Ɗana dai ya riga ya rubuta Gidan Awaki da biro a ƙasan hoton Batman, ya ce gobe zai nuna wa malaminsu.